Masu Duban Tamaula a Paraku da Jugu

A zamanin da ayarin fatake ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, Jugu, a ƙasar Benin ta yau, na cikin manyan zangunan hanya, kuma madugu ba ya cewa a ɗaura wa jakuna kaya sai malamin ayari ya duba ya ce ranar tana da kyau. Biyansa ake yi, kuma ba a banza ba, don tsakanin kogin Kwara da Salaga akwai mahara, akwai koguna, akwai sarakunan da ba sa barin baƙo ya wuce sai ya sauke musu wani abu. Yau jakunan sun zama tireloli masu kwasar kaya daga Kwatano su yi arewa, amma jikokin fataken da suka yi zamansu a Zongon Jugu da Zongon Paraku ba su yar da gado ba. Kakan so yake ya san ko zai komo gida da ransa da goronsa, jikan kuwa so yake ya san ko Real Madrid za ta ci kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Mai son ganin waɗannan bayin Allah sai ya nemi gidan kallo ranar Asabar da yamma, ko daren Talata da Laraba in ana gasar zakarun Turai. Wurin ba ya ɓata: rumfar kwano, allo a ƙofa an jera wasannin ranar da alli, janareta na tari a bayan katanga, baburan 'yan zem, wato 'yan acaba, sun tare hanya. A ciki ana zagin alƙalin wasa da Dendanci da Barbanci da Hausa da Yarbanci, in abin ya yi tsanani a koma Faransanci. Rabin mutanen ƙwallo suka zo kallo. Sauran sun zo ne su ga tabbatar abin da suka ce sun riga sun sani.

Babbansu shi ne mai hisabi. A bencin gaba yake zama, biro a bayan kunne, da wani littafin 'yan makaranta da ya sha hannu har ya yi baƙi. In an ci ba ya ihu, rubutu yake yi. Abin tinƙahonsa lamba ce guda, 3964, wadda ya gada daga masu irin ciwonsa na wasu ƙasashe. Zai ce maka Brazil ta ɗauki kofin duniya a 1970 da 1994, haɗa su ka gani. Jamus 1974 da 1990, haɗa. Ajantina 1978 da 1986, haɗa. Duk 3964 ne, ba ragi ba ƙari. Da gasar 2002 ta zo aka cire 2002 daga lambar aka sami 1962, shekarar Brazil, Brazil kuwa ta tafi da kofi. Tun ranar ya daina sayen shayi da kuɗinsa. Matsalar ita ce duniya ta ci gaba da buga ƙwallo. A 2006 lissafi ya nuna 1958, Brazil ke nan, sai Faransa ta sallame ta, Italiya ta ɗauka. A 2010 ya nuna Jamus, Sifaniya ta ɗauka. A 2014 ya nuna Uruguay, sai ga Jamus ɗin da ta ƙi zuwa lokacin da aka kira ta. A 2018 kuwa lissafin ya faɗa kan 1946, shekarar da ko gasar ba a yi ba. Ka tuna masa waɗannan, ka ƙara da cewa tun 1998 ma lambar ta nuna Ingila, Faransa ta ci, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Ƙanena, kai yaro ne. Lamba ba ta ƙarya, mutane ne ke saɓa mata."

Yana da wata ta biyu, goma sha biyu. Italiya ta kai wasan ƙarshe a 1970, 1982, 1994 da 2006, kowace shekara goma sha biyu sai ta zo. Ya rantse har da dafa littafinsa cewa za ta zo a 2018. Ko tikitin zuwa Rasha ba ta samu ba. Da ma wannan lambar ta taɓa ba shi kunya a cikin gida: Buffles du Borgou, ƙungiyar Paraku, ta zama zakaran ƙasa a 1980 da 1992, ya sa rana 2004, kofin bai waiwayo garin ba sai 2014. Da ya sake zuwa a 2017 da 2019, sai ya buɗe sabon shafi ya ce zamani ne ya ƙara sauri.

Abin da na lura da shi a kansa, hisabinsa ya fi kaifi bayan an hura usur ɗin tashi. Kafin wasa magana yake yi a dunƙule, "akwai motsi a gidan huɗu". Bayan wasa ne huɗun ke samun ma'ana: ko ƙwallo huɗu, ko minti na huɗu, ko mai lamba huɗu ya sami jan kati, ko dai an ɗauke wuta da ƙarfe huɗu. Lokacin da Benin ta fitar da Maroko da bugun fanareti 4 da 1 a 2019, kafin gari ya waye ya gano cewa lambar wayar ƙasar, 229, in an haɗa ta tana ba da 13, ɗaya da uku kuwa huɗu ne. Mutane suka yi ta salati. Ku riƙe huɗun nan, za ta dawo.

Ƙaninsa a sana'a shi ne mai karanta bayan riga. Shi ba ruwansa da shekaru, ƙaddarar ɗan wasa a gadon bayansa take. In ya shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Arzeke neman riga, ba ya duba ƙungiya, ba ya duba yagewa, juya ta yake fara yi. A yi masa adalci, 'yan wasan da kansu ne suka ɗaure masa gindi. Da Inter Milan ta ba Ronaldo na Brazil lamba 9 a 1998, Iván Zamorano, da aka karɓe masa ita, ya ɗauki 18 ya manna 'yar alamar tarawa tsakanin ɗayan da takwas ɗin. Mario Balotelli ya yi ta yawo da 45 daga ƙungiya zuwa ƙungiya saboda huɗu da biyar tara ne, Victor Osimhen ma 45 ya sa da ya je Galatasaray. To in masu cin miliyoyi na wannan, wa zai hana mai facin taya? Gwarzonsa Steve Mounié ne, haifaffen Paraku, ranar 29 ga watan tara na 1994, mai lamba 9 a ƙungiyar ƙasa. Tara ta gaba, tara ta baya. Wani ya tuna masa cewa ranar da Mounié ya ci ƙwallo biyu a wasansa na farko a gasar Ingila, watan Agustan 2017, lokacin da Huddersfield ta je gidan Crystal Palace, 24 ce a bayansa, biyu da huɗu kuwa shida ne. Bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, "Juya shidan ka gani."

In ya so ya shiga addini sai ya ce Demba Ba ya riƙe 19 ne don haruffan Bismilla goma sha tara ne, duk mai 99 kuma yana ƙarƙashin inuwar sunayen Allah, ko ya sani ko bai sani ba. Da aka gaya masa Ronaldo ya sa 99 a AC Milan, cewa ya yi da ma ya ga alamun shiriya a fuskarsa.

Nan muka iso ga wanda ya fi yawa, musamman a Jugu, garin malamai da masallatai: mai ƙirga sujada. Shi ba shi da ƙungiya. Kafin a take leda sai ya karɓi wayar wani ya duba sunayen 'yan wasa, ya ƙirga Muhammadu nawa a nan, Ibrahima nawa a can, inda suka fi yawa nan zuciyarsa take. Ya bi Liverpool saboda Salah da Mané, da Mané ya tafi ya rage mata rabin soyayya. Hujjarsa babba ita ce ranar 22 ga Yunin 2018, Juma'a ce, Ahmed Musa ya zura wa Iceland biyu. Ba ya son a tuna cewa shi dai Musan ya zura wa Ajantina biyu a 2014 aka kuma ci Najeriya 3 da 2, sai ya ce ai ranar Laraba ce. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 da Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1, ya raba alewa a ƙofar masallaci. Ajantinar ce ta ɗauki kofin, Saudiyya ko rukuni ba ta fita ba. Takwas da nema da Jamus ta yi mata a 2002, da biyar da nema da Rasha ta yi mata a 2018, waɗannan a wurinsa jarrabawa ce, kuma mumini ake jarraba.

Ranar da ta fi kowace wahalar da shi ita ce 5 ga Yulin 2019. Juma'a ce ita ma. A Alƙahira, Benin ta haɗu da Maroko a zagayen 'yan goma sha shida na kofin Afirka, bayan ta fito daga rukuni da canjaras uku, 2 da 2 da Ghana, babu ci da Guinea-Bissau, babu ci da Kamaru. A ƙa'idarsa ta kullum babu abin tattaunawa: ƙasar Musulmi, ranar Juma'a, a ƙasar Azhar. Amma ɗaya ɓangaren ƙasarsa ce, kuma yaran unguwa na kallon bakinsa. Moïse Adiléhou ya fara ci, En-Nesyri ya rama. Ana dab da tashi aka ba Maroko fanareti, Hakim Ziyech ya ajiye ƙwallo. Wannan mutum, da ya shekara da shekaru yana wa duk wani Hakimu da Yusufu addu'a, aka ji shi yana "Allah ka karkatar da ƙafarsa, Allah ka karkatar!" Ƙwallo ta daki turke ta fita. Aka kori Khaled Adénon a ƙarin lokaci, Benin ta ƙarasa da mutum goma, mai tsaron gida Saturnin Allagbé ya tare bugun En-Nesyri, Mama Séïbou ya buga na ƙarshe ya shiga. Da ƙura ta lafa aka tambaye shi ina ƙa'ida, sai ya ce, "Ba ku ji sunan wanda ya buga na ƙarshen ba?" Allagbé kuwa, ya ce Allah na taimakon bayinsa da hannun wanda ya so. Kwana biyar bayan haka Idrissa Gueye na Senegal ya ci Benin ɗaya mai ban haushi, ƙa'ida ta dawo daram, har ya ɗan ji sanyi a ransa.

Yana da tagwai a ɗaya bencin, mai ƙirga masu alamar gicciye in za su shiga fili. A Paraku, inda coci da masallaci ke jin kiran juna, su biyun sukan zo a babur ɗaya. Shi wannan Fafaroma ne makaminsa, tun da garin na da tarihi da shi: John Paul na Biyu ya sauka Paraku a Fabrairun 1993 har ya gana da shugabannin Musulmi. To shekarar da ya rasu, 2005, Liverpool ta taso daga 3 da nema a hannun Milan a Istanbul ta ɗauki kofin Turai, kamar yadda ta ɗauka a 1978, shekarar da Fafaroma biyu suka rasu. Ba ya faɗin cewa a 1978 kofin ya riga mutuwar zuwa, an ɗauka a watan Mayu, rasuwar farko sai Agusta. Ba ya kuma faɗin cewa Kaká, wanda ya nuna rigar ciki mai sunan Yesu bayan Milan ta rama a 2007, yana cikin waɗanda aka yi wa wancan farmaki a Istanbul, da imaninsa da komai. Da Fafaroma Francis ya rasu a Afrilun 2025 Liverpool ta lashe gasar Ingila a makon, sai ya ce ka gani ko. Kofin Turai ya tafi Paris, amma kofi ai kofi ne.

Duk waɗannan 'yan kallo ne, bakinsu kawai ke aiki. Mai aiki da hannu shi ne malamin ƙungiya, kuma ba a gidan kallo ake samunsa ba. Zaurensa ake zuwa daren jajibirin wasa, ko wasan unguwa da unguwa ne, ko babba irin wanda ke cika filin Paraku ko filin Atchoukouma na Jugu. Ba sai na kira sunan ƙungiya ba, kowa ya san yadda ake yi a wannan yanki namu. Zai baje yashi a faifai, ya ɗiɗɗiga da yatsu, ya share, ya sake. Ya zana hatimi mai gida tara a allo, ya wanke a ƙwarya, a zuba a gorar roba a kai wa yara su sha su shafe ƙafa. Mai tsaron gida a ba shi laya ya cusa a safa, da wata 'yar gora da zai ajiye a cikin raga, kada kowa ya taɓa. Sai sharuɗɗa: kada a shiga ta babbar ƙofa, kada a sauya kaya a ɗakin da masu gida suka bayar, kada a gaisa da kowa da hannu. Shi ya sa za ka ga ƙarti goma sha ɗaya, ga ƙofa a buɗe, suna haura katanga.

Gwanintarsa ta gaskiya sai ranar da aka sha kashi take fitowa. "Baƙin zakara na ce, kuka kawo mini wake-wake." Ko kuma, "A cikin yaranku akwai wanda ya shiga fili ba tsarki, ku bincika." Wanda ya fi burge ni shi ne, "Alhaji, ƙwallo uku na ɗaure, kuma uku sun ɗauru. Waɗannan biyun da suka shiga ba sa cikin abin da kuka biya." Akwai kuma wanda ake raɗe-raɗin yana karɓar na ɓangare biyu, na masu gida da la'asar, na baƙi bayan isha'i. In haka ne, shi kaɗai ne a harkar ƙwallon ƙasar nan bai taɓa faɗuwa wasa ba. In an yi canjaras ma kowa ya dawo ya yi godiya, don da ba a yi aiki ba da an ci shi.

Kada wani ya ce wannan ƙauyanci ne na ƙananan ƙungiyoyi. A Fabrairun 2002, kafin wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Mali da Kamaru a Bamako, 'yan sanda sun sa wa Thomas N'Kono ankwa a bakin fili, ɗan Kamaru, tsohon gwarzon Afirka sukutum, bisa zargin ya jefa asiri a ciyawa. Kamaru ta ci 3 da nema, abin da bai taimaka wa masu ƙaryata asiri ba ko kaɗan. A Kwaddebuwa, bokayen ƙauyen Akradio sun yi ta ƙorafin cewa su suka yi aikin kofin 1992 ba a sallame su ba, har a 2002 ministan tsaro ya je ya ba su haƙuri da kuɗi da kwalbar giya. Kofin ya dawo kuwa, bayan shekara goma sha uku. Taribo West na Najeriya, da ya zama fasto, da bakinsa ya ba da labarin layun da ya yi ta ɗauka zuwa fili. Ko sauya wa ƙungiyar Benin suna da aka yi a 2022, daga kurege zuwa wata dabbar dawa mai kama da damisa da ta fi kowa gudu, ban ga nisansa da zauren malam ba. Kuregen dai shi ya kai zagayen 'yan takwas.

Malaman gaskiya na Jugu da Paraku ba su yi shiru a kan wannan ba, kuma ina tare da su. Roƙon Allah daban, leƙen gaibu daban. Mai roƙo ya yarda bai san gobe ba, shi ya sa yake roƙo. Mai duba kuwa so yake ya riga kowa sani. Sai dai cikin masu wa'azin ma akwai wani iri da ba zan tsallake ba, ustazun da ya haramta ƙwallo gaba ɗayanta, gajeren wando, ɓata lokaci, jinkirta magariba. Ba ya shiga gidan kallo. Hanyarsa ta zuwa masallaci ce kawai ta bi ta ƙofar, igiyar takalminsa kuma a daidai nan take yawan tsinkewa. Yana duƙe zai tambayi yaro, "Kai, waɗannan ɓatattun, nawa da nawa?" In aka ce ana cin Barcelona, sai ya miƙe ya ce duniya ke nan, amma ranar wa'azin ya fi zafi. Ran da ya faɗa musu cewa mai zuwa wurin ɗan duba kwana arba'in ba a karɓar sallarsa, jikin kowa ya yi sanyi, ban da mai hisabi, da aka gani yana rubuta 40.

Wanda ke ban tausayi shi ne ɗan caca mai tawakkali. Yawanci ɗan zem ne ko yaron mota, kuɗin da ya yini yana haɗawa a rana ya kai kiyos ko ya tura ta waya. Ba ya buga wasa ɗaya, sai ya jera goma sha biyar, har da ƙungiyoyin da bai san a wace ƙasa suke ba, takardar ta fito ta kai tsawon rawanin dogari. Ya san haramun ne, ba ya musu. Saboda haka ya ƙulla yarjejeniya da Ubangiji: in ta fito, zai yi wa masallacin unguwa rufi, ya kai tsohuwa Makka, sannan ya tuba. In zai yi salla sai ya zare takardar daga aljihu ya tura ta cikin takalmi a ƙofar masallaci, don ladabi, ya idar ya ɗauki abarsa ya duba ko an ci. Kullum goma sha huɗu ke fitowa, ɗaya ta yanke. Wannan ɗayar ce ke mayar da shi gobe, don a ganinsa an kusa amsawa. Shi ne babban mai sayen hajar mai hisabi da ta mai karanta riga, har mafarki yake kawo musu su fassara da lamba. Na taɓa jin ana ba irinsa labarin Frédéric Kanouté, ɗan Mali, wanda a 2006 ya liƙe tambarin kamfanin caca na 888 da ke ƙirjin rigarsa ta Sevilla don addininsa, a 2007 kuma ya sa kuɗinsa ya ceci wani masallaci a birnin. Ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai ya ce Allah ya saka masa. Can kuma ya ce, "Yaya, takwas uku ka ce ko?"

Sai mai gida biyu, wanda Zongo ba ta rasa shi. Uwa 'yar Paraku, uba ɗan Sakkwato ko Ilori, aljihun dama sefa, na hagu naira, ta Nikki da Cikanda yake shiga da fita. Addu'arsa ba ta da matsala sai ran da Benin ta haɗu da Najeriya. Ranar 10 ga Yunin 2024, a Abidjan, Benin ta ci 2 da 1 a wasan neman zuwa kofin duniya, Jodel Dossou da Mounié suka ci, mai horarwa kuma Gernot Rohr ne, wanda Najeriya ta sallama a 2021. Ya fito titi da tutar kore da rawaya da ja yana cewa alhaki ne, alhakin tsohon nan ne ya kama su. Ranar 14 ga Oktoban 2025 aka koma Uyo, Najeriya ta zura huɗu ba ko ɗaya, Osimhen ya ci uku. Sai ga shi da farar riga mai kore yana cewa jini ba ya ƙarya. Mai hisabi ma bai kwana da asara ba. Ya ce ai ya faɗa tun 2019, lambar Benin huɗu ce, bai dai ce a ragar wa za ta riƙa shiga ba. Lambar Najeriya kuma 234, haɗa ka ga tara, ka dubi bayan Osimhen.

Akwai mai yi musu dariya duka, ɗalibin jami'ar Paraku mai tabarau. Shi ya waye. Yana da alƙaluma a waya, kashi nawa aka riƙe ƙwallo, hari nawa aka kai, har da ƙwallayen da lissafi ya ce ya kamata a ci ko da ba a ci ba, abin da ko malamin zaure bai taɓa ƙarfin halin sayarwa ba. Zai yi maka bayani mai kyau, kuma gaskiya ne, cewa in wasanni sun kai dubbai, lambobi kuma ba su da iyaka, dole wasu su yi karo, mutum kuwa wanda ya dace yake riƙewa ya manta da ɗari da suka kauce. Amma je ka zauna a gurbinsa, ƙarshen benci na uku ta jikin bango. Ko ka ce ya wanke rigar Arsenal ɗin nan ana tsakiyar cin wasanni. An taɓa ci lokacin da ya fita fitsari, abokansa suka hana shi dawowa, shi kuma ya tsaya a waje har aka tashi, yana leƙe ta hudar kwano, bai yi gardama ba.

A ƙofa akwai Inna mai ƙosai da soyayyen wagashi, wadda ɗanta ke buga wa wata ƙaramar ƙungiya. Ba ta san Ziyech ba, ba ta san 3964 ba. In ya zo sallama ranar wasa sai ta tofa masa a ka ta ce, "Allah ya dawo mini da kai da ƙafafunka biyu." Ko an ci ko ba a ci ba, ba ta tambaya.

Labari ɗaya ne na ga yana kashe bakin kowa a rumfar, har mai tabarau. Ranar 27 ga Afrilun 1993 jirgin da ya ɗauko 'yan wasan Zambiya zuwa Senegal ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga Libreville, mutum 30 suka rasu, 18 daga cikinsu 'yan wasa. Ranar 12 ga Fabrairun 2012, a wannan birni dai, Zambiya ta buga wasan ƙarshe da Kwaddebuwa ta su Drogba da Yaya Touré, bayan 'yan wasan sun je bakin tekun sun zuba furanni. Drogba ya ɓarar da fanareti ana cikin wasa. Aka tashi babu ci, aka je bugun raba gardama, 'yan Zambiya na tsaye a tsakiyar fili suna waƙa. Stoppila Sunzu ya buga na ƙarshe, 8 da 7. In ka ƙirga bugun da ɓangarorin biyu suka yi, 18 ne cif. Na san amsar ɗalibin, kuma ban ce ta karye ba. Amma ban taɓa jin ya kawo ta a nan ba, kuma da ya kawo da na ga wautarsa. Abin lura, mai hisabi ma ba ya cika son labarin, don ba shi ya gano shi ba, kuma ba a iya cin wasan gobe da shi.

Mutum ɗaya ne ke jin 18 ɗin nan ya yi tsaki, mai gidan kallo. Shi ne kaɗai a wurin lissafinsa ke fita kullum: kai nawa suka shiga, dala ashirin ashirin, a cire kuɗin Canal+, a cire na mai. Man kuwa kpayo ne, fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a can a watan Mayun 2023. Kuɗin shiga na minti casa'in ne, duk abin da ya haura daga aljihunsa yake fita. Yana tuna wasan ƙarshe na 2015, Kwaddebuwa da Ghana, bugu 22 har sai da masu tsaron gida suka buga, yadda wasu ke tuna shekarar fari. Shi ma yana addu'a, har ya fi kowa naci. In aka shiga minti na tamanin da biyar ana kunnen doki a wasan sallama, za ka gan shi a bakin ƙofa, ido ɗaya a talabijin ɗaya a tankin janareta, carbi na gudu a hannunsa. Wani yaro ya taɓa tambayarsa, "Baba, wa kake roƙa wa?" Ya ce, "Ko wa ma, ɗana. Wani dai ya ci mu tashi."